Kafin a ce wa mutum zuciyarsa ta kumbura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana a kan wani hukunci da ya yi arha a ƙananan asibitoci da shagunan magani na Jihar Kebbi, tun daga Argungu har Yawuri. Sai a ɗaga hoton ƙirji a hasken taga, a yi masa kallo ɗaya, a ce wa mai shi zuciyarsa ta kumbura. Wasu daga cikin waɗanda aka gaya wa haka zuciyarsu lafiya ƙalau take, hoton ne bai ɗauku daidai ba. Wasu kuma a ce musu ba komai su koma gida, alhali ruwa ya fara taruwa a huhunsu. Maganarmu ta fi shafar ma'aikatan lafiya da ke aiki inda babu likitan hoto, amma masu jinya ma za su ƙaru.

Kafin a dubi zuciya, hoton kansa ake fara tuhuma. Hoton da ake auna zuciya da shi shi ne wanda majinyaci ya tsaya da ƙafafunsa, ya manna ƙirjinsa da allon, hasken ya shigo ta bayansa daga nisan santimita 180. Shi ne ake rubuta wa PA a gefe. Idan mutum ya galabaita har aka ɗauke shi a kwance ko a kishingiɗe, allon yana bayansa, wannan AP ne, kuma yana ƙara wa zuciya girman da ba nata ba. Dalili kuwa, zuciya ta fi kusa da gaban ƙirji, to idan allon yana baya ta yi nisa da shi. Duk wanda ya taɓa sa hannu gaban tocila ya san inuwar tana ƙara girma a bango gwargwadon yadda hannun ya nisanci bangon. Saboda haka idan zuciya ta fito daidai a hoton AP, a yarda. Idan ta fito babba, kada a yanke hukunci.

Sai numfashi. Ana so majinyaci ya ja iska ya cika ƙirji ya riƙe, sannan a danna. A ƙirga haƙarƙari: ya kamata a ga kamar shida ta gaba, ko tara zuwa goma ta baya, a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In ba su kai ba, tantanin ya turo zuciya sama ta kwanta a gicciye, ta yi faɗi, huhu kuma ya yi dishi-dishi kamar akwai ruwa. Haka yake faruwa ga mai tsohon ciki da mai teɓa da wanda ruwa ya cika wa ciki. Sau da yawa matsalar ba ta wuce ba a yi wa tsoho bayani da harshen da yake ji ba. A duba karkata kuma: ƙasusuwan nan biyu da suka taso daga kafaɗu suka haɗu a gindin wuya, tazarar kowannensu daga tsakiyar ƙashin baya ta zama ɗaya. Alamar L (hagu) ko R (dama) ta fito a jikin hoton.

In hoton ya tsallake wannan, sai a ɗauko rula, ido kaɗai ba ya wadatarwa. A ja layi a tsaye ta tsakiyar ƙashin baya. A auna daga layin zuwa inda zuciya ta fi fita ta dama, a auna zuwa inda ta fi fita ta hagu, a haɗa. Sannan a auna faɗin ƙirji a inda ya fi faɗi, daga cikin haƙarƙari zuwa cikin haƙarƙari. Ga baligi, faɗin zuciya bai kamata ya wuce rabin faɗin ƙirji ba. Misali, zuciya santimita 13 a ƙirji mai santimita 28 lafiya lau ne, amma 17 a cikin 28 ta wuce iyaka. Jarirai ba a yi musu wannan awo na manya, domin nasu kan kai kashi 60 cikin 100 ba tare da wata cuta ba.

Girman zuciya rabin labari ne. Huhu ne yake faɗin ko zuciyar ta fara gazawa, kuma a nan aka fi yin sakaci. Ga mai lafiya da ke tsaye, jijiyoyin jinin ƙasan huhu sun fi na sama kauri. Idan ɓangaren hagu na zuciya ya kasa tura jini, jinin sai ya yi baya ya taru, jijiyoyin sama su cika su yi kauri kamar na ƙasa ko su fi su. Wannan ce alamar farko. In abin ya ci gaba, ruwa yana tsattsafowa, sai a ga wasu gajerun layuka farare a kwance, tsawonsu santimita ɗaya zuwa biyu, a can ƙasan huhu dab da haƙarƙari. Sai an kusanto da ido ake ganinsu, kuma a hasken taga da wuya su fito. In ya tsananta, fari yana bazuwa daga tsakiyar ƙirji zuwa ɓangarorin biyu, gefe-gefen huhu ya rage baƙi. Mai wannan hoto ba a sallamarsa. A duba kusurwoyin ƙasa biyu, inda tantani ya haɗu da haƙarƙari. Ya kamata su yi tsini. In sun dakushe, ruwan da ya taru a wurin ya kai kimanin mililita 200 ko fiye.

Siffar zuciyar tana nuna hanya. Mai hawan jini na shekaru, tsinin zuciyarsa kan sauka ƙasa ya fita hagu. Matashin da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata wa ƙofar zuciya, gefen hagu kan miƙe sambal maimakon ya ɗan lotsa, a ga inuwa biyu a gefen dama, bututun iska kuma inda ya rabu biyu ya buɗe fiye da kima. Idan kuwa zuciya ta yi ƙatuwa, ta yi zagaye, ƙasanta da faɗi, amma huhu tas, a yi tunanin ruwa ne ya cika jakar da ta lulluɓe ta. A ƙasashenmu tarin fuka na cikin manyan masu haddasa wannan, kuma maganin da ke sa fitsari don rage ruwan jiki ba ya warware shi, yana iya ma sa awon jinin majinyaci ya faɗi ƙasa.

Wadda muka fi jin tsoro a kanta ita ce mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda gazawar zuciya bayan haihuwa ta yawaita a ƙasar Hausa, har yau kuma ana ganinta. Mace ta haihu wata ɗaya ko uku, tana haki, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya barci sai ta jingina da matashi biyu ko uku, tari ya dame ta da dare. Ana yawan ce wa hotonta sanyin ƙirji ko limoniya, a yi ta ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda an ga fari a huhu ba a auna zuciya ba. Irin wannan a dakatar mata da kunun kanwa da yawan gishiri, domin suna riƙe ruwa a jiki, a tura ta babban asibiti a ranar.

Hoton ƙirji yana da iyaka. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe yanzu-yanzu, yana dafe ƙirji yana gumi, hotonsa na iya fita tsaf. ECG yake buƙata, wato awon bugun zuciya da na'ura, da gaggawa. Mai hawan jini ma naman zuciyarsa na iya yin kauri ta ciki ba tare da inuwarta ta ƙaru ba. Kuma hoto ba ya bambance zuciyar da ta buɗe da wadda ruwa ya kewaye, sai na'urar eko, wato sikanin na zuciya, wadda ake nema a manyan asibitocin Birnin Kebbi ko na koyarwa da ke Sakkwato. Don haka kada kowa ya kai hoto kemis a haɗa masa Lasix, maganin nan mai sa fitsari, ya yi ta sha.

Roƙonmu ga masu ɗaukar hoto, su riƙa rubuta suna da kwanan wata da PA ko AP a kan kowane hoto. Mai tura hoto ta WhatsApp don neman shawara ya ɗauko shi dukansa, wayar tana fuskantarsa daidai, domin karkata kaɗan tana ɓata awon. Mace mai ciki ta faɗa kafin ta shiga ɗakin. Majinyata kuma su adana tsofaffin hotunansu a ambulan, kada a naɗe su, kada a bar su a rana, su zo da su duk lokacin da za su ga likita a jera tsoho da sabo a kwatanta.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wasu likitoci da ma'aikatan sashen hoto,
Birnin Kebbi.