Sanarwa: waƙoƙi 8 na zaman tsibiri

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wasan makon nan daga wani shirin rediyon BBC ne da aka fara a 1942: a ce ka maƙale a tsibirin da babu kowa, waƙoƙi 8 kacal za ka riƙe.

Don Allah kada ku cika jerin da waƙoƙin yayi, masu saurin shiga kunne su ne masu saurin gundura. Ku sa doguwa ɗaya ko biyu, ta kalangu ko kukuma, mai baitoci da yawa da mutum zai yi ta haddacewa.

A rubuto sunan waƙa da na mawaƙi kawai, ban da sauti. Waƙar minti 5 kan ci kusan MB 5, kuma ba kowa ke da data ba. Za mu rufe karɓa daren Juma'a.