A Gyara Yadda Ake Yi wa Rubutun Sababbin Marubuta Sharhi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ba da shawara kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda ake yi wa rubutun masu tasowa sharhi.

Kwanan baya wata ɗaliba ta nuna mini gajeren labarinta tare da ra'ayoyin waɗanda suka karanta shi. Kusan dukkansu "Allah ya ƙara basira" suka ce, mutum ɗaya kuma ya ce labarin bai yi armashi ba, amma bai faɗi dalili ba. Da na zauna na karanta, sai na tarar ta raba "yana" ta rubuta "ya na", ta sa "kasa" inda take nufin "ƙasa", sannan tauraruwar da aka ce ta yi tafiya a shafi na biyu sai ga ta tana magana a ɗaki a shafi na uku, ba a ce ta dawo ba. Addu'a abu ne mai kyau, sai dai yarinyar ta tashi hannu rabbana, ba ta san inda za ta gyara ba.

Shawarata ita ce ku buɗe filin nazari mai ƙa'ida. Marubuci ya fara bayyana abin da yake so a duba masa, ko jigo ne, ko zubi da tsari, ko salo, ko ƙa'idojin rubutu, domin wanda ke fama da ginin labari ba ya amfana idan an tsaya kan waƙafi kaɗai. Shi kuma mai sharhi a wajabta masa kawo ainihin jimlar da yake magana a kai, ya nuna aibinta, ya kuma gwada yadda za a sake ta. Wannan sharaɗi shi ne ya fi muhimmanci a wurina, saboda shi zai raba mai nazari da mai yabon kara da kuma mai neman cin fuska.

Zai yi kyau a ɓoye sunan marubuci har sai an gama, don kada sanayya ta shiga.

Ko littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, wadda Baturen nan Rupert East ya jagoranta a Hukumar Fassara, sai da suka bi ta hannun mai gyara kafin a buga su. Saboda haka ina roƙon idan marubuci ya gyara aikinsa, ku buga sakin layi na farko da wanda aka gyara gefe da gefe, domin mai karatu ya ga da idonsa abin da sharhin ya canza.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku