Darajar Kuɗi ta Haƙiƙa da Gasar Kasuwancin Duniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda ake auna ƙarfin gasar ƙasa a kasuwannin duniya. Masu sharhi da dama farashin dala kaɗai suke dubawa, alhali ma'aunin da ya fi dacewa shi ne darajar kuɗi ta haƙiƙa, wadda ake samu idan an kwatanta kuɗin ƙasa da na abokan cinikinta, kowanne gwargwadon yawan cinikin da ke tsakani, sannan aka cire bambancin hauhawar farashi. Bankin BIS, wato bankin manyan bankunan ƙasashe, da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) suna fitar da waɗannan alƙaluma.

Idan kuɗin ƙasa ya faɗi da kashi 10 cikin 100, amma farashin kayanta ya tashi da kashi 10 fiye da na abokan cinikinta, to kayan ba su yi wata arahar a zo a gani a waje ba. Sifaniya da Jamus kuɗin yuro suke amfani da shi tun 1999, duk da haka albashi da farashi sun fi saurin tashi a Sifaniya kafin rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, abin da ya tsadantar da kayanta.

Sai dai a ganina kuskure ne a dogara da ma'aunin shi kaɗai. Darajar yuwan (kuɗin ƙasar Sin) ta haƙiƙa ta tashi sosai tsakanin 2005 da 2015, amma kason Sin a kayan da ake fitarwa a duniya ƙaruwa ya yi, domin ma'aunin ba ya lissafa ingancin kaya, wutar lantarki ko saurin aikin tashoshin jiragen ruwa.

Naku,
Mai karatu