Kafin a kai kyamara Kilimanjaro, a fara gwada ta a Dala

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ɗan fili a jaridarka don mu yi magana da matasan da suka shiga sha'awar hawan tsauni da ɗaukar hoto. Tambayar da ta fi yawa a bakinsu ita ce wace kyamara za a saya kuma nawa take. A wajenmu masu wannan sana'a, an bar jaki ana dukan taiki. Sanyi da ƙura da haske da hakin mai ɗaukar hoton su ne ke ɓata aiki a kan dutse, kuma kyamara mai tsada ba ta tsallake ko ɗaya daga cikinsu.

Mu ɗauki Kilimanjaro da ke Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895. A ranar isa ƙololuwa ana barin sansani wajen tsakar dare, a yi awa 6 zuwa 7 ana hawa cikin duhu, don a isa sama daidai fitowar rana. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa a can sama ma'auni yakan faɗi ƙasa da sifili da digiri 10 ko fiye. Abin da ya fara karaya shi ne batir. Batirin kyamara da na waya ba mutuwa yake yi a sanyi ba, suma yake yi: sinadarin cikinsa ya yi nauyi, ƙarfin wutar ya faɗi, sai kyamara ta ɗauka caji ya ƙare ta kashe kanta, alhali da sauran rabi. In aka sa shi a aljihun ciki ya ji ɗumin jiki na ɗan lokaci, zai farfaɗo. Don haka a riƙe uku, ɗaya a kyamara, biyu a aljihun da ke manne da ƙirji, a riƙa musanyawa. Da dare a kwana da su cikin jakar barci. Kada a yi cajin batirin da ya sandare sai ya ɗumama, domin caji a ƙasa da sifili yana yi masa illar da ba ta gyaruwa. Fawa banki mai 20,000 mAh daidai yake da Wh 74 a ma'aunin ƙarfin batir, ƙasa da iyakar Wh 100 da jiragen sama suka sa, amma a jakar hannu ake ɗaukarsa. In aka sa shi a babban akwati za a cire.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi yana faruwa ne bayan an gama ɗaukar hoto. Mutum ya shigo tanti ko ɗaki mai ɗumi da kyamara mai sanyi a hannu, nan take ta yi gumi kamar kwalbar lemo da aka fitar daga firji, kuma gumin nan har cikin gilashi, wato idon kyamarar, da wayoyinta yake shiga. Maganin shi ne a kulle ta cikin jakar da iska ba ta shiga tun a waje, a shigo da ita a haka, a ba ta kamar awa ɗaya kafin a buɗe. Mai son duba hotuna ya zare katin memori tun kafin ya kulle. A tuna Tanzaniya ta haramta ledar cefane tun watan Yunin 2019, gara a sayi jakar roba mai naɗewa ta masu hawan dutse.

Sai dusar ƙanƙara, wadda ke yaudarar ma'aunin hasken kyamara. An ƙera shi ya mai da duk abin da ya gani ya zama matsakaici, tsakanin fari da baƙi. In ya ga fari tas, sai ya rage haske, ƙanƙara ta fito ruwan toka, fuskar mutum ta koma baƙin gawayi. A ƙara haske da hannu, +1 zuwa +2 a ma'aunin, sannan a duba jadawalin hasken hoton da kyamara ke nunawa, kada ya manne da bangon dama, wato haske ya yi yawa. Allon baya ba abin dogaro ba ne a cikin rana mai ƙarfi. Matatar nan da ake ɗaurawa a bakin gilashi don kashe ƙyalli tana da amfani a ƙasa, amma a sama da mita 4,000 samaniya ta riga ta yi shuɗi mai duhu, in aka murɗa matatar har ƙarshe sai samaniyar ta kusa zama baƙa, a gilashi mai faɗin gani kuma ta bar dabbare-dabbare.

A ƙololuwar Kilimanjaro iskar da huhu ke samu kusan rabin ta bakin teku ce. Mai haki hannunsa rawa yake yi ko bai ji ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce gilashi mai milimita 100 yana buƙatar ƙiftawar 1/100 na daƙiƙa, wato lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, to a can a mai da shi 1/250, ko da za a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800. Ɗan tsaki-tsaki a hoto ana gyara shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai shara. A sa safar hannu biyu, siririya a ciki da mai kauri a waje. Kyamara kuma ta zauna a ƙaramar jaka a ƙirji, domin wadda ke cikin jakar baya ba a fitar da ita idan gajiya ta yi gajiya, wadda ke cikin kayan ɗan dako kuwa ta riga mai ita isa sansani. Gilashi ɗaya mai 24 zuwa 105 ya wadatar. Madogari mai ƙafa uku sai ga mai son taurari: a raba 500 da tsawon gilashi, mai milimita 20 ya ba da ƙiftawar daƙiƙa 25, a buɗe kafar gilashi zuwa f/2.8, ISO 3200, a saita gani da hannu a kan tauraro mai haske.

Wani abu a gefe: mai hoto ya fi kowa jawo wa kansa ciwon tsauni, saboda yakan ruga gaban ayari ya ɗauka, a wuce shi, ya sake rugawa. Masu jagora a can kullum cewa suke "pole pole", wato sannu-sannu. Ciwon kai mai tsanani da amai da tangaɗi alama ce ta a sauka nan take.

To, yawancin wannan ana koyonsa a gida da kuɗin mota. Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba, kan iyakar Kamaru, ya kai mita 2,419, shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya. Ga Mambila da sanyin Gembu, ga duwatsun Shere a Jos masu mita 1,829, ga Sukur a Adamawa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ga tsaunukan Bagzan a yankin Agadas da suka haura mita 2,000. Wasu daga cikin waɗannan sai an tambayi halin tsaro an kuma samu ɗan jagora na gari kafin a taka. Amma Dala da Kufena da Zuma ai a bakin hanya suke.

Mu nan abokin gabarmu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na shafe duk abin da ke nesa, kuma babu maɓallin da zai dawo da shi. Wanda ya hau Dala a watan Janairu don ya ɗauki faɗin birnin Kano zai sauko da farar takarda. A hunturu a ɗauki na kusa: tsagar dutse, kuka da ta zubar da ganye, makiyayi da shanunsa suna ɓullowa daga cikin hazo, rana jajir kamar faifai. Hoton nesa nasa lokacin shi ne washegarin ruwan sama, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da iska ta wanku kuma ciyawa ba ta bushe ba.

Kada a canja gilashi a fili ranar iska. In ya zama dole, a kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa, a yi cikin jaka ko cikin mota a rufe. Don gane ko ƙura ta kai ga sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, a matse kafar gilashi zuwa f/16 a ɗauki farin bango: duk ɗigon da ya fito a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce. Da ɗan famfon roba ake hure ta. Iskar baki tana zuwa da yawu, gefen riga kuma yana goga yashi a kan gilashi kamar sanfefa. A fara hurewa, sannan a share da tsumman gilashi. A Mambila da damina matsalar ta juya, danshi ne ke haifar da funfuna a cikin gilashi, musamman in an bar shi kwana da kwanaki a rufaffiyar jakar fata. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a tara su a akwatin kyamara.

Game da haske, muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana miƙewa da sauri. Hasken nan mai taushi da ke zuwa ta gefe ya fito da kowane lungu na dutse bai fi rabin awa zuwa minti 40 ba. Mai son sa sai ya kama hanya da idar da sallar asuba, ko ya jira bayan la'asar sakaliya. Da tsakar rana dutse yakan fito a baje, ba zurfi. Kuma kyamara ba ta san girma ba sai an nuna mata. Mutum ya tsaya gindin Zuma da gilashi mai faɗin gani, dutsen ya fito kamar suri. A ja baya sosai, a sa gilashi mai milimita 100 zuwa 200, a bar mota ko bishiya ko mutum a ƙasan hoton, sai dutsen ya taso a kansu.

Masu waya ma haka ne. A goge idonta tukun, maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi dishi-dishi. A taɓa wurin da ya fi haske a allo, a ja alamar rana ƙasa kaɗan. A daina jawo hoto da yatsu biyu, yankan hoton kawai ake yi.

A nemi izini kafin a ɗauki ɗan dako ko matan ruga, a kauce wa barikin soja da shingen bincike. Jirgi maras matuƙi kuma yana buƙatar izinin hukuma a Najeriya, haka ma a gandun dajin Tanzaniya.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne in za a buga hoton wani wuri, a rubuta sunan wurin da watan da aka ɗauka da sunan mai ɗauka, domin Shere ta Agusta daban take da Shere ta Janairu. Masu aiko muku kuma a gaya musu su turo ainihin hoton ta imel, ko a matsayin fayil in ta WhatsApp ne, saboda turawar da aka saba tana matse hoto har ya farfashe a takarda.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu sana'ar ɗaukar hoto, Jos.