Sanarwa ga ƴan rukunin nazarin fim

Assalamu alaikum ƴan uwa. Zamanmu na ranar Asabar yana nan, bayan La'asar, a tsohuwar jami'a, gindin bishiyar da muka saba.

Tarihin fim za mu bi a gurguje: haska fim da ƴan gidan Lumière suka yi a Faris a 1895, majigin zamanin Turawa, sannan Turmin Danya na 1990 da ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a Kano. Wannan kowa zai iya haddacewa.

Inda ake faɗuwa jarrabawa shi ne harshen fim, wato yadda hoto ke magana ba da baki ba. Kyamara ta kalli mutum daga ƙasa, sai ya cika ido kamar basarake. Daga sama kuwa, ya koma abin tausayi. Ku tuna gwajin Kuleshov, wani mai shirya fim ɗan Rasha: fuska ɗaya ce, a jera ta da kwanon miya a ce yunwa, a jera ta da gawa a ce baƙin ciki. Aikin mai tace hoto ke nan.

Kowa ya zo da fitowa ɗaya, ta minti biyu, mu kashe sauti mu karanta. Masu turo tallan atamfa cikin rukunin nan, don Allah a sarara mana.