Amsa ga ɗana da ya tambaye ni a rediyo ina kuɗin binciken da na ci

Ɗana, assalamu alaikum.

Na ce ɗana don ka zauna a ajina, kuma ko yanzu da yaran unguwa suke ce maka Honorabul ban ga abin da ya canza ba. Ba na kusa da rediyo lokacin da ka bugo waya cikin shirin, ɗalibaina ne suka yi ta turo min muryar ta WhatsApp, kowa da "Malama kin ji kuwa?" To na ji. Ka kira sunana, ka kira sashenmu, don kada wani ya ɗauka da wata kake. Ka ce me ya sa nake zuga yara kada su karɓi bashin NELFUND, asusun bashin karatu na ɗalibai, alhali ni gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatuna. Ka ce mu malaman jami'a ba abin da muka iya sai yajin aiki. Sannan ka rufe da wadda ka fi jin daɗinta, har da 'yar dariya, wai in fito in gaya wa talakan Rigasa ina kuɗin binciken da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta ba ni, kuma me binciken nawa ya taɓa tsinana masa.

Ta ƙarshen zan fara ɗauka, don ita ce ta taɓa mutuncina. Sauran siyasa ce, na saba.

Kai ka san ma'anar "ina kuɗin" a bakin Bahaushe. Ɓarauniya ka ce min a gaban duk wanda ya kunna rediyo daga Kawo har Kakuri, kawai dai ka sa mata rigar tambaya ne don in an tare ka ka ce ai tambaya ka yi. 'Yan'uwana sun ji, surukaina sun ji, matan da muke islamiyya tare sun ji. Saboda haka bari in yi maka bayanin yadda kuɗin nan yake tafiya, tunda da alama a ofishinku an ɗauka alat ne yake faɗowa malami ya tafi Umara.

Tallafin bincike na TETFund iri biyu ne wanda malami irina zai iya nema. Akwai babba na ƙasa baki ɗaya wanda ake gasa a kansa, masu nema rututu, masu samu 'yan tsiraru. Akwai kuma ƙarami da ake rabawa ta hannun makaranta, shi ne na taɓa samu, kuma an yi shekara da shekaru rufinsa yana naira miliyan 2. Ba a hannu ake ba ka ba, ta asusun makaranta yake bi, kashi-kashi, ba za a saki na gaba ba sai ka kai rahoto da rasit na wanda ka kashe, kuma tsakanin ranar da ka rubuta buƙata da ranar da kuɗin zai fito sai farashin komai ya canza sau nawa. Yanzu ɗauki kalkuleta. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, miliyan 2 ɗin nan ta haura dala dubu 4. A 2024 dala ta tsallake naira 1,500, wato kuɗin ya koma dala dubu ɗaya da 'yan ɗari uku. Sinadaran da nake aiki da su kuwa ba a Kasuwar Barci ake sayar da su ba, daga waje suke zuwa, da dala. A cikin abin da ya rage za ka sa mai ka je gona ka dawo, ka biya masu tara maka samfur, ka biya kuɗin buga sakamakon a mujalla. Wannan ita ce dukiyar da na wawure.

Kuma ko ka sayo sinadarin, ina za ka ajiye shi? Aikina kan cututtukan shuka ne, samfurina sanyi yake so dare da rana. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, rukunin da aka ce zai fi samun wuta, a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kowane yunit, manyan makarantu suke kuka da bil, wasu suka koma raba wuta da awa. A inda nake aiki na taɓa zuwa da safe na tarar firiza ta narke, aikin damina guda ya zama ruwa mai wari, kuma damina ba ta dawowa don ka roƙe ta, sai baɗi. Daga ranar nake haɗa kuɗin dizal da abokan aikina daga albashinmu. Ba na faɗa don ka tausaya min, na faɗa ne don ka san wa ke bin wa bashi tsakanina da gwamnatin da kake karewa.

Sai batun me bincike ya tsinana wa talaka. Haba ɗana, ɗan Kaduna ne ke wannan tambayar? Samaru fa tana nan kan hanyar Funtuwa ba ta tashi ba. Irin masarar da manoman Saminaka da Giwa suke shukawa mai suna SAMMAZ, daga cibiyar binciken noma ta IAR ya fito. Waken SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta cinsa yadda take cin sauran, har manomi ya rage feshi, masu binciken Samaru ne suka yi shekaru a kansa. Kazar ƙwai ta Shika Brown sunan garin ma tana ɗauke da shi, aikin cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ce. Ni ba a can nake ba, ba kuma zan ari rigarsu in yi ado ba, nawa aikin ƙarami ne, yana rubuce da sunana a inda ake buga irinsa, ɗaliban da na yaye suna aikin gona a ƙananan hukumomi. Amma ka tambayi kanka da kuɗin wa aka yi aikin waken nan. Kaso mai tsoka daga ƙungiyoyin waje ya zo. In Bature ya ga dama a yi bincike, in ya janye hannunsa a rufe ɗakin gwaji a koma shan shayi.

Ga misali a gabanka wanda bai tsufa ba. A daminar 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gonaki suka ruɓe a tsaye, mutanen da citta ce kuɗin makarantar 'ya'yansu da auren 'ya'yansu suka tashi ba amfanin ba iri. Kafin nan a 2016 tsutsar tumatir ta yi mana irin wannan har jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai. Duk sanda haka ta faru sai a kafa kwamiti, a raba taki da maganin feshi a gaban kyamara, ihu bayan hari. Abin da zai hana ta faruwa shi ne wani ya zauna shekara biyar, goma, yana bin ƙasa da iri yana lura, da albashi da wuta da mota. Wannan ne ba a son biya, don ba a yanka masa ribon, ba kuma a manna masa hoton kowa. Ƙasashen Afirka da kansu suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu don bincike, mu ko kusa ba mu je ba, amma ni ce za a tsayar a rediyo.

Maganar yajin aiki ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Ka dai sani cewa TETFund ɗin da kake tinƙaho da ita 'yar yajin aiki ce. Ƙungiyarmu ta malaman jami'a, ASUU, ce ƙarƙashin Attahiru Jega ta matsa wa gwamnatin Babangida a 1992, aka yi dokar harajin ilimi a 1993 ta kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, a 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu zalla. Duk ginin da ka gani da tambarin TETFund, har wanda ka zauna ka rubuta jarabawa a ciki, daga nan ya fito. Wata 8 na 2022 kuwa ba daɗi muka ji ba, an riƙe mana albashi, yaranmu ma suna gida, kuma yarjejeniyar 2009 da aka kwashe sama da shekara goma ana jan ƙafa a kanta ba mu kaɗai muka sa mata hannu ba.

Yanzu bashin ɗalibai. Kawo min yaro ɗaya da na ce wa kada ya cika fom. Ɗaya tak. A ofishina da kwamfutata yara suke cikawa, waɗanda iyayensu ke tsoron riba ni nake zaunar da su in ce babu ruwa a kansa, sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa za a fara cirewa, kashi 10 cikin 100 na albashi. Na kuma yaba da aka gyara dokar a 2024 aka cire sharuɗɗan ta 2023, wadda ta ce sai kuɗin shigar gidanku bai kai dubu 500 a shekara ba kuma sai ka kawo masu tsaya maka biyu, irin manyan ma'aikatan da ɗan mai faci ba zai taɓa samun ganinsu ba. Dubu 20 ɗin da ake ba yaro duk wata ba ta kai ko'ina ba in ka lissafa kuɗin Keke daga Rigasa kullum tun bayan cire tallafin mai, amma na ga yarinyar da ita ce ta hana ta barin karatu, don haka ba zan raina ba.

Abin da na faɗa, wanda aka yanko maka rabinsa, shi ne bashin ya zama lasisin ƙara kuɗin makaranta. A shekarar da aka sa wa dokar hannu jami'o'in tarayya suka bi layi suna ninka kuɗin rijista, a Jami'ar Legas daga wajen dubu 19 wasu kwasa-kwasan suka kai dubu 190 kafin ɗalibai su yi bore a ɗan rage. In ka yi magana sai a ce ai ga NELFUND. Mai kanti ne ya ninka maka kuɗin shinkafa sannan ya buɗe maka littafin bashi yana jiran godiya. Kuɗin da gwamnati ya kamata ta zuba a jami'a an mayar da shi wuyan yaro ɗan shekara sha takwas, wanda zai fito ya tarar masaƙun Kakuri a rufe. Kuma ba zargi nake ba, sun rubuta da hannunsu: a daftarin dokar haraji na 2024 an tsara kason TETFund na harajin ya koma sifiri a 2030, kuɗin ya koma asusun bashi. Sai da aka yi ca a kai sannan Majalisa ta gyara. Da an bar shi yadda aka kawo shi, da yaro zai ci bashi ya shiga ajin da ba rufi.

A nan gida ma ai ka fi ni sani. A 2021 da aka ɗaga kuɗin jami'ar jiha, KASU, zuwa dubu 150, yara suka fito titi suna kuka, na tuna wani matashi da ya yi ta rubutu yana cewa ilimi mai inganci dole a saye shi da tsada, masu ƙorafi 'yan adawa ne. A 2023 da sabon gwamna ya rage zuwa dubu 105, ya kuma zabge rabin na kwalejin Nuhu Bamalli da ta Gidan Waya, sai ga matashin nan dai yana cewa wannan shi ne shugaba mai tausayin talaka. Ban ce ka yi laifi ba, kowa da sana'arsa, kuma amshin shata ma aiki ne. Ni dai abin da na faɗa a 2021 shi nake faɗa yau, ba a canza min maigida ba.

Eh, gwamnati ce ta biya min digiri na uku, ban taɓa ɓoyewa ba. Na sa hannu zan dawo, na dawo, wa'adin da aka ɗaure ni da shi ya cika tuntuni kuma ina nan. Shi ya sa ma bakina ba zai yi shiru ba, don na san abin da tallafi na gaskiya yake yi wa 'yar talaka. Daga 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje, ta ce tsadar dala da masu zuwa su ƙi dawowa. To waɗanda suka ƙi dawowar an tambaye su dalili? Ni na san wasunsu, suna Saudiyya, suna Ingila, suna Malesiya, mutane ne masu kishi da suka gaji da sayen dizal. Mu da muka rage muna tsufa, matasan da muke so su gaje mu daga aljihunsu suke sayen kayan gwaji, rabi su watsar a hanya su koma POS. Ana cikin haka kuma kowane ɗan majalisa yana son jami'a a mazaɓarsa, har sai da gwamnatin tarayya da kanta a 2025 ta ce a dakata da buɗe sababbi na shekara 7. Ina taya mutanen Kachia murnar tasu da zuciya ɗaya, sun cancanta, ina dai tambayar daga wane sashe za a kwaso musu malamai, don mu ɗin nan ne dai ake rabawa.

Fayil ɗin tallafin da na karɓa yana nan, da rasit ɗin kowace kwalba da takardar da masu binciken kuɗi suka sa wa hannu. Ka zo ofis ka duba, ka taho da mai gabatar da shirin da na'urarsa, in ya so a karanta wa mutanen Rigasa a daidai lokacin da ka yi tambayarka. In kun samu naira ɗaya da ba ta da bayani ka kai ni EFCC da kanka, ofishinsu yana garin nan. In ba ku samu ba, a rediyon da ka ɓata ni nan za ka wanke ni, ba ta saƙon waya da dare ba. Ka kira kafin ka taso don ina yawan fita gona, kuma kada ka turo yaro.

Malamarka.