Sanarwa ga Ƴan Rukuni: Dokar Hukumar Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikata, iyayenmu da ƙannenmu.

Ranar Asabar bayan sallar isha'i za mu tattauna a nan kan dokar da ta kafa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiharmu. Don Allah kowa ya karanta ta kafin lokacin.

Tun gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 aka ɗora ma'aikatan ƙananan hukumomi kan tsarin aiki na bai ɗaya. Daga matakin albashi na 07 zuwa sama, ɗauka, ƙarin girma, canjin wurin aiki da ladabtarwa duk suna hannun hukumar, ba ciyaman ba. Ƙananan matakai kuwa ƙaramar hukuma ke kula da su, kuma nan ne abin ya fi ciwo: masinja ko mai shara ya shekara goma a mataki ɗaya, fayil ɗinsa na shan ƙura a rajista.

Abin da ke damuna, tsarin mulkin 1999 bai ambaci wannan hukumar ba, da dokar jiha kaɗai hukumar ta dogara. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan ƴancin ƙananan hukumomi ma kan kuɗi ya fi mayar da hankali.

Wanda ƙarin girmansa ya maƙale ya turo mini ta gefe, kada a sa suna a rukuni.